Ajiyar da Ofis Ya Ƙi Karɓa

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba tun da uwata ta haife ni: an kai wa mutum kayansa har cikin ofishinsa, ya ce ba ya so. Ni da Malam Hashim, shugaban ƙungiyar manoman hillarmu, wato ƙauyenmu, muka yi sammako muka hau bayan boksi, motar a-kori-kura, zuwa birni, a cakuɗe da buhunan albasa. Wani ƙarfe ya yage mini jallabiya tun daga aljihu har gwiwa. Muka isa, muka zauna a benci har ƙafafuna suka yi tsami, aka shigar da mu, aka fito da mu. Na dawo gida ina warin albasa, da ciwon baya, da wani baƙin ciki da har yanzu bai sake ni ba. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, kada ku ce Audi ya fara surutun tsufa.

Yayata Sharifa tana da hawasha, wato gonar ban-ruwa, can a wutsiyar tur'armu, magudanar da ke shayar da gonakinmu, inda ruwa yake isa a ƙarshe in ya ga dama. Mijinta ya rasu, ita ke riƙe da gida, kuma alkamar da ta shuka bana ita ce abincinsu na shekara. Tur'ar nan ta cike da laka da ciyawa. Mu da muke sama muna samun ɗan abin da ya tsiyayo, ita kuwa sai dai ta tsaya ta kalli ƙasarta tana tsagewa. Mun gwada haƙa da hannu, laka ta fi ƙarfinmu. Maganin abin kowa ya san shi: karraka, motar nan mai dogon hannu da ke kwashe laka. A da, in ana son karraka, dattawa kan sa fararen kaya su je su zauna wa mai ofis, su sha shayinsa, su ƙi tashi har sai kunya ta kama shi. Hanyar ba ta da kyan gani, amma tana kawo karraka.

To, sai Allah ya albarkace mu da Ofishin Sauƙaƙa wa Manomi. Shugaban ofishin, Mai Girma Mudir, uban sauƙi, hasken idon talaka, ya tako da kansa har hillarmu da jerin motoci masu baƙin gilashi. Ya tsaya a inuwa, mu muna rana, ya yi mana albishir da Larabcinsa na rediyo. Ya ce daga yau babu takarda, babu zaman benci, babu wahalar hanya. An buɗe ma'ajiya guda a intanet, ɗakin ajiyar takardu na dukkan hillolin yankin nan. Kowace hilla ta ɗauki hoton tur'arta, ta rubuta buƙatarta, ta jefa ciki, su kuma za su gani daga kujerunsu su turo karraka. Muka tafa. Ni ma na tafa, don na ga mai kamara yana kallona.

Daga nan ya ba mu kyautar kwamfuta. Allah ya saka da alheri, amma ko makaho ya shafa ta zai san ta sha duniya. Tambarin ofishinsu yana nan manne a gefenta, an kankare rabinsa. In aka kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin niƙa. Su sun sayo sababbi sirara masu sheƙi, sai suka rasa inda za su zubar da tsofaffin, suka tuna ashe suna da manoma. Matar Malam Hashim ta ɗinka mata mayafi mai furanni, aka ajiye ta a ɗakin ƙungiya, aka sayo sabon kwaɗo.

Malam Hashim ya taɓa aikin sito a Jidda, saboda haka ya ɗan san inda ake dannawa. Ya zauna ya buɗe shafin ma'ajiyar, sai allo ya yi fari fat. Can sai ga rubutu: wai manhajar da muke shiga intanet da ita ta tsufa, a sabunta. Ya je sabuntawa, aka ce tsarin kwamfutar ne ya tsufa, a sabunta shi tukuna. Ya je sabunta wannan, aka ce ita kanta na'urar ta tsufa, ba za ta ɗauka ba. Ni kaɗai ne a ɗakin nan ba a ce wa na tsufa ba, kuma na girmi kowa. Ana wannan fama alkamar Sharifa tana neman ruwa.

Da kuka ya yi yawa, Ofis ya turo mana injiniyansa, Muhandis Khalid. Ɗan Hausawan Kamlin ne, mutumin kirki, sai dai Hausarsa rabi Larabci ce, kuma kullum sauri yake yi, don shi kaɗai aka ɗora wa duk tsofaffin kwamfutocin da aka raba. Ya zauna ya yi ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa, sannan ya juya allon ya nuna wa Malam Hashim wata sabuwar jaka da ta fito a gefen jakunkunan kwamfutar.

"Ya Hajj, ka manta da shafin nan, jihaz ɗinku ba shi iya buɗe shi har abada. Na ɗauro maka ma'ajiyar a nan. Ka danna ta, ta buɗe kamar kowace jaka, ka jawo hotonka ka saki a ciki. Khalas."

"Shi ke nan?" in ji Malam Hashim.

"Shi ke nan, wallahi. Tamam?"

"To kalmar sirrin hwa?"

"Malesh, ya Hajj, Mudir ya ce kada a ba manoma. Ni nika sa ta da hannuna."

Ya kurɓi jabana, gahawar nan tamu, a tsaye, ya hau babur ya yi gaba. Abin da bai tsaya ya faɗa ba shi ne, jakar nan ba a cikin kwamfutarmu take ba. Taga ce kawai, kana leƙen ɗakin da ke can birni, kuma duk abin da ka taɓa ta nan, can ka taɓa. Bai kuma faɗa mana cewa sunan shiga ɗaya da kalmar sirri ɗaya aka sa wa duk hillolin ba, da cikakken ikon ɗauka da ajiyewa. Masu hikimar Ofis sun ga yi wa kowace hilla nata sunan zai ci musu lokacin fatur, karin kumallonsu.

Sai kuma muka gano ɗaurin na Khalid ba ya jure ɗaukewar wuta. Da zarar kahraba ta tafi ta dawo, sai ka ga jan kuros a kan jakar, ka danna ta ce ba ta san ka ba. Sai a kira Khalid, ya ce yana wajen Makwar, sai jibi. Ya zo ya sa kalmar sirri yana kare allo da tafin hannu, ya tafi, wuta ta ɗauke kafin ƙurar babur ɗinsa ta kwanta. Ranar da wuta da shabaka, wato layin intanet, da Khalid suka haɗu wuri guda, Malam Hashim ya jawo bidiyon tur'ar da ya ɗauka da wayarsa, jakar ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, sannan ta ce ya yi nauyi. Dole aka koma hotuna ƙanana, waɗanda in ka kalle su ba za ka bambance laka da asida ba. Amma dai sun shiga. Na je na gaya wa Sharifa buƙatarmu ta isa birni, ta ce Allah ya sa.

A nan ne sai na gaya muku wani abu game da hillarmu, musamman ku yaran da kuka tashi a Khartum kuna ce mana mutanen da. Kakanninmu a kan hanyar hajji suka zauna. Mutum ya taso daga yamma da ƙafa, ya iso nan, ya bar akwatinsa a gidan wanda ya sauke shi, ya wuce Makka. Wani ya dawo bayan shekaru, wani ɗansa ne yake zuwa, wani shiru har yau. Ba a buɗe akwatin, ba a barinsa a tsakar gida, kuma ba a jira mai shi ya ce a adana masa. Ka ga kayan baƙo a fili, ka ɗauke ka killace, shi ne mutuncin gida. A ɗakin Malam Hashim yanzu haka akwai akwatin wani Bagobiri da aka bar wa kakansa, yana nan a ƙarƙashin angareb, gadonsa na igiya, ana share masa ƙura duk sallah.

To, irin wannan mutumin ne ya zauna wata safiya ya buɗe jakar, ya duba da kyau, ya ga ashe ba hotunanmu kaɗai ne a ciki ba. Ga buƙatun hillolin gabas, ga na yamma, ga takardun Ofis da kansu, ga rahoton wata tafiya da manya suka yi ƙasar waje don koyo yadda ake sauƙaƙa wa manomi. Ya leƙo ta taga ya kira ni.

"Audi, zo ka ga abin mamaki. Yaron ga Khalid garin sauri ya mance kayan mutane cikin jihaz namu."

"Na wa da wa?" na ce.

"Na kowa! Ga su nan zube, ko murfi babu. Kuma kana jin yadda abin ga ka nishi. In ta mutu gobe da kayan mutane a hannunmu, mi za mu ce musu? A ce hillarmu ta ci amana?"

Ya aika aka sayo filasha a kasuwar Managil. Ya kwashe komai daga jakar ya mayar cikinta. Kuma ba kwafa ya yi ba, ɗaukewa ya yi gaba ɗaya, don a cewarsa ba a killace rabin amana a bar rabi a tsakar gida. Abin ya ɗauki yini guda kwamfutar tana gurnani, kuma ranar, don tsautsayi, wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya bar hotunan tur'armu kawai, tunda su namu ne. Ya naɗe filashar a farin ƙyalle, ya sa a akwati ya kulle, yana jiran Khalid ya zo ya damƙa masa.

Khalid bai zo ba. Abin da ya zo shi ne sanarwa. Mai Girma Mudir, garkuwar manomi, ya fito a rediyo muryarsa na rawa, ya ce maƙiyan ci gaba daga ƙetare sun kai wa ma'ajiyar mummunan hari, sun wawashe komai. Nan take aka kafa lajna, wato kwamiti, ta bincike. Lajnar ta kafa ƙaramar lajna. Aka kama otal mai sanyi aka yi taron ƙara wa juna sani a kan tsaron intanet, da jakunkuna na rataye da hotuna a jarida. Aka kuma dakatar da fitar kowace karraka har sai an gano maharan, don ka san ba a haƙa tur'a ƙasa tana cikin haɗari. Mafi daɗin labarin shi ne, ƙwararru sun lura abu ɗaya tak maharan suka bari a ma'ajiyar: wasu hotuna marasa kyan gani na wani abu mai kama da laka. Suka yanke hukunci tarko ne, aka hana kowa buɗe su.

Mu kuwa muna nan muna tsine wa ɓarayin. Bai faɗo wa kowa a rai cewa ma'ajiyar da aka sace a birni da jakar da ke ɗakin ƙungiyarmu abu ɗaya ne ba, don tamu ai a jikin kwamfutarmu aka ɗaura ta, a gaban idonmu. Malam Hashim da kansa ya tashi bayan sallar Juma'a ya roƙi jama'a a yi addu'a Allah ya tona asirin azzaluman da suka tsayar mana da karraka. Muka ce amin da ƙarfi. Sharifa ma ta ce amin daga bayan labule, alhali ganyen alkamarta ya fara naɗewa yana komawa ruwan ɗorawa.

Sai shekaranjiya Khalid ya bayyana, an turo shi ya kwance ɗaurin daga duk tsofaffin kwamfutoci. Malam Hashim ya tare shi da fara'a.

"Ɗana, Allah shi kyauta abin da ya same ku. Amma ka gode Allah, kayan da kam mance wurinmu ba su shiga hannun ɓarayi ba. Tun kafin harin na killace maka su."

"Wane kaya, ya Hajj?"

Aka ɗauko farin ƙyalle. Khalid ya soka filashar, ya duba, ya zare tabarau, ya dafe kai da hannu biyu. Da ya ɗago ya yi mana bayanin tagar nan, sai Malam Hashim ya ce a ba shi ruwa. Ban taɓa ganin dattijo ya tsufa a zama ɗaya kamar ranar ba. Khalid ya rage murya ya ce, ko ba filashar ma, ma'ajiyar tana da kwandon da abin da aka cire yake faɗawa, kuma ana iya dawo da komai kafin a gama shan jabana. Ya ce tun safiyar farko ya faɗa musu haka, aka ce ya yi shiru, Mudir ya riga ya yi magana a rediyo. Sannan ya roƙe mu kada mu ce shi ya faɗa. To, Khalid, ka yi haƙuri, ni ban iya riƙe irin wannan amanar ba.

Shi ya sa muka hau boksi yau. Bayan dogon zaman benci, irin wanda aka ce an soke, aka shigar da mu wurin Mai Girma. Sanyin ɗakin ya shiga ta yagewar jallabiyata har ƙashi. Malam Hashim ya gaishe shi, ya ba da labari tiryan-tiryan, bai ɓoye komai ba, sannan ya warware ƙyallen ya ajiye filashar a kan tebur da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, ga kayanku. Ba mu buɗe ko ɗaya ba. Kuskure nawa ne, a yi mini duk abin da ya dace, amma a saki karraka. Akwai gwauruwa a wutsiyar tur'a, alkamarta na mutuwa."

Mai Girma ya kalli filashar yadda ake kallon kunama a kan tabarma. Ya yi gyaran murya.

"Ya Hajj, muna yaba kishinka. Amma wannan ba namu ba ne. Namu an sace."

"Su ne wallahi, ranka shi daɗe. A soka a gani."

"Lajna ta riga ta tabbatar harin daga ƙetare ya zo. An buga rahoto, an raba. Kana so in koma in ce wa manya ƙetaren yana yamma da Managil, a ƙarƙashin gadonka?"

Na kasa haƙuri na sa baki, na ce to karraka fa. Ya yi murmushin tausayi ya ce in kwantar da hankalina, saboda wannan hari an amince a kawo sabon tsari mai tsaro, wanda ya fi na da nesa ba kusa ba. Da zarar ya fara aiki kowace hilla za ta sake shigar da buƙatarta. Na ce a kwamfutarmu? Ya ce a'a, sabon tsarin ba ya hawa tsofaffin na'urori ko da ɗauri, amma kada mu damu, su ma za a sake musu sababbi, waɗannan na gabansu kuma za a duba yiwuwar ba mu kyauta. Ka ji adalci.

Malam Hashim ya miƙe ya bar filashar a kan tebur. Ba mu kai ƙofar waje ba sai ga sakatare da gudu, ya tura masa ita a aljihu, ya ce Ofis ba ya karɓar kayan da ba a san asalinsu ba. A bayan boksi har muka iso gida dattijon nan hannunsa na dafe da aljihun. Sau ɗaya na ga ya share ido da gefen rawani, na kau da kai na yi kamar albasa ce.

Mun sauka da la'asar, ban shiga gida ba na wuce wutsiyar tur'a. Tun daga nesa na hango tumaki a cikin hawashar Sharifa. Na ɗaga sanda zan kore su, sai na ga ita ce a tsaye ta buɗe musu shinge da hannunta, makiyayin yana gefe. Ta sallama masa alkamar a matsayin ciyawa, tun kafin ta bushe ta zama abin da ko dabba ba za ta ci ba.

"Yaya, da kin ɗan jira," na ce, ni kaina ban san me za ta jira ba.

"Na jira, Audi. Na murza zangarniya da sahe, ba komi ciki." Ta gyara tobin da ta lulluɓa da shi, ta dube ni. "Sun karɓi kayan nasu?"

"Sun ƙi."

"To ku ce wa Malam Hashim kada shi sa wa ransa damuwa. Shi dai ya riƙe amana. Je ka gida ka sauya riga, ka bar ni in ga ƙarshen abina."

Ban tafi ba. Na tsaya a bayanta har tumakin suka kai tsakiyar hawashar, ita ba ta yi kuka ba, ni ne na kasa haɗiye nawa. Abincin shekarar gida guda ya shige cikin tumaki kafin magariba.

In Mai Girma Mudir yana neman wanda ya amfana da sauƙin nan don ya sa hotonsa a bangon rahoto na gaba, ya turo mai kamara gobe da wuri. Akwai wani rago mai baƙin kunne da ya ƙoshi ƙwarai, kuma ba shi da ƙorafi ko ɗaya.